Kafin a Cika Tifa

Ni mai haƙar yashi ne a Dadin Kowa,
ƙasan dam, inda Gongola ke sassautawa.
Shekara sha tara ƙafata na cikin ruwan nan,
na san raminsa, na san inda yake yaudara.
Shi ya sa ranar Asabar Fasto Zakka ya ce,
"Kefas, nemo mana wuri iya ƙirji, ban da santsi,
gobe mutum bakwai za su shiga."

Na kafa gora, na tsaya ina duba.
Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ruwan ba tsabta:
shanu sun sha a sama, sun bar abin da suka bari,
ga kumfar masu wanki,
ga baƙin mai daga tifar Gidado,
ga leda, ga tuƙar rake.
Na ce a raina, anya Urdun ta fi wannan?
Kogi kogi ne.
Inda taro ya taka, laka takan tashi.

Abin da ya hana ni barci daren nan layi ne.
Mai cin haraji biyu, soja mai ƙwace,
matar da ake nuna ta da leɓe,
kowa da ƙunshin dattinsa a ka,
sai ga Yesu a bayansu,
bai ce a matsa masa ba.
Yohanna ya ja da baya,
kamar yaron mota da aka ce ya koya wa direba tuƙi.
Me farar riga take nema a wurin wanki?

Sai wajen asuba na tuna da rijiyar Hinna.
Ina ɗan shekara shida na rufta ciki.
Baki ya cika da kawuna,
kowa na jefo shawara daga sama:
kama igiya, daina kuka, ɗaga hannu.
Hannuna bai iya igiya ba.
Kawu Barnabas ne ya sauko,
da sabuwar shaddar da ya ɗinka don Kirsimeti.
Bai ce mini komai ba,
ya dai shigo lakar da nake ciki
har ta kai masa wuya.
Shaddar ba ta ƙara fita ba,
ni na fita.

Sauran kuma muryar nan.
A sana'armu sai an cika tifa ake biya,
ba a yabon shebur da safe.
Shi ko makaho ɗaya bai buɗe wa ido ba tukuna,
bai ciyar da kowa ba, bai hau dutse ya yi magana ba,
jiƙaƙƙe kawai, ruwa na zuba daga gemu,
aka ce ƙaunatacce ne.
Aka biya kafin aiki.
Na juya wannan kamar tsabar kuɗin wata ƙasa,
ban san yadda ake kashe shi ba.

Ranar Lahadi na tsaya gefen gora.
Ta ƙarshe Baba Lai'atu ce, ta haura saba'in,
tana tsoron ruwa tun da ya ci ɗanta.
Ta riƙe wuyan hannuna har farcenta ya shiga.
Na ce, "Taka nan, akwai ƙasa,
an riga an taka."

Ta nutse. Ta taso tana tari, tana dariya.
Sama ba ta tsage ba.
Kurciya ba ta zo ba,
sai wata balbela da ta ɓace wa shanunta.
Mata suka ɗauki guɗa.

Litinin na dawo da shebur.
Tifa na jira, bayanta wayam.
Na shiga ruwa iya gwiwa,
shatin farcenta na nan a hannuna,
ban ɗebi ko ƙwayar yashi ba,
na ɗan tsaya,
ina saurare.